Filin Tambaya da Amsa: Yashin Akwatin Kifi da Aikin da Yake Yi a Ɓoye

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo daga Marwa, Garwa, Ngaundare da Kuseri sun taru a kan abu guda, wato yashin da ake shimfiɗawa a ƙasan akwatin gilashi na kiwon kifin ado, saboda haka muka ware musu filin gaba ɗaya. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri, amma ba mu taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi akwatin gilashi mai tsawon mita 1, na ɗebo yashi daga mayo, wato kogi, na wanke shi tas, na cika ruwa, a ranar kuma na zuba ƙananan kifaye 12. Ruwan garau yake, amma kafin mako na biyu ya ƙare bakwai sun mutu, sauran kuma suna taruwa a saman ruwa suna haki. Maƙwabcina ya ce yashin ne yake kashe su, in kwashe shi in bar gilashi zalla. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a unguwar Domayo, Marwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Kada ka kwashe yashin. Bisa ga yadda ka bayyana lamarin, abin da ya kashe kifayenka ido ba ya ganinsa, kuma da a kan gilashi zalla ka zuba su, da haka za su mutu. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya dare da rana, mafi yawansa ta jajayen gaɓoɓin numfashin nan da ke gefen kansa, saura kuma daga kashinsa da ragowar abincin da ya nutse ya ruɓe. A Binuwai ko Logon ruwa mai gudu ne yake wucewa da wannan dauɗa, amma a akwati mai lita 160, wanda shi ne kimanin abin da naka zai ci idan faɗinsa da tsayinsa santimita 40 ne kowanne, ba ta da inda za ta je. Amoniya ba ta da launi, shi ya sa ruwa yakan kasance garau alhali yana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi.

Masu raba ruwan da wannan guba wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Rukuni biyu ne suke aiki bi da bi. Na farko, irin su Nitrosomonas, suna cin amoniya su mayar da ita nitirit. Ita ma nitirit guba ce, domin tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya rine ya koma ruwan ƙasa, kuma tana cikin abubuwan da suke sa kifi ya yi ta haki a sama ko da iska ta wadata a ruwan. Rukuni na biyu su ne suke karɓar nitirit su mayar da ita nitirat, wadda kifi yake iya jurewa fiye da waɗancan biyun nesa ba kusa ba, tsirrai kuma suke sha a matsayin taki, abin da ya rage a fitar da shi ta hanyar canjin ruwa. Masanin nan na ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fara ware waɗannan halittu wajajen shekarar 1890. An daɗe ana ɗauka cewa Nitrobacter ce take aikin mataki na biyu a akwatin kifi, sai wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa a ruwa marar gishiri Nitrospira ce ta fi ɗaukar nauyin.

Inda yashi ya shigo cikin maganar shi ne, waɗannan bakteriya ba sa zaman yawo a cikin ruwa. Sai sun sami jikin wani abu sun manne, sun lulluɓe kansu da wani siririn yauƙi, sannan su kama aiki. Suna manne wa gilashi, da duwatsu, da ganyen tsirrai, da soson matatar ruwa, suna kuma manne wa kowace ƙwayar yashi. Idan aka yi lissafi, lita 1 ta yashi mai ƙwayar milimita 1 tana da filin da ya haura murabba'in mita 3 idan aka haɗa jikin ƙwayoyin duka, alhali gindin akwatinka gaba ɗaya bai kai rabin murabba'in mita ba. Ka ga ke nan wanda ya kwashe yashi ya rage wa masu tsabtace masa ruwa wurin zama ne.

Sai dai ya kamata in faɗa maka iyakar amfaninsa, don kada a ɗora wa yashi abin da ba zai iya ba. Waɗannan halittu suna da tsananin buƙatar oksijin, har kowane giram 1 na naitirojin da ke cikin amoniya sai ya cinye fiye da giram 4 na oksijin kafin ya zama nitirat. Yashin da ke kwance kuwa ruwa ba ya ratsa shi sosai, don haka saman shimfiɗar ne kaɗai yake samun iska, nan ne kuma kaɗai aikin yake gudana. Matatar soso mai aiki da famfon iska, wadda ruwa yake bi ta cikinta ba tsayawa, ita ce take ɗaukar kaso mafi girma. Yashi mataimaki ne na ƙwarai, kuma ranar da aka wanke soso ko aka sauya shi, mazauna yashin ne suke riƙe akwatin kafin na soson su farfaɗo.

To me ya faru a naka akwatin? Sabon yashi da aka wanke ba shi da waɗannan halittu sai ƙalilan, kuma suna da jinkirin hayayyafa. Akwai bakteriyar da take rabuwa gida biyu cikin minti 20, su kuwa waɗannan sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci yini guda ko fiye. Shi ya sa sabon akwati yake buƙatar mako 4 zuwa 6 kafin ya nuna. A wannan tsakani amoniya ce take fara hawa, tana sauka nitirit ta hau, sai daga baya dukansu su koma sifili. Kifaye 12 a rana ɗaya sun fi ƙarfin akwatin da bai fara ba tukuna, kuma mutuwar da ka gani cikin mako na biyu ta dace da wannan lissafi.

Don ceton biyar ɗin da suka rage, ka riƙa canza sulusin ruwan kullum na wasu kwanaki, da ruwan da ya kwana a buɗe kuma zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Ka rage abinci ƙwarai, sau ɗaya a yini, abin da za su cinye cikin minti 2, idan ma ka tsallake yini guda ba zai cutar da su ba. Kada ka ƙara ko kifi ɗaya sai bayan wata guda, sannan ka riƙa ƙarawa biyu-biyu ko uku-uku da tazarar mako biyu. Ɗan gishiri, kamar rabin giram a kowace lita, yana rage shigar nitirit cikin jini, amma ka tuna gishiri ba ya bin tururi, don haka ba a ƙara shi sai gwargwadon ruwan da aka kwashe. Abin da ya fi kowanne saurin amfani shi ne ka je wurin wanda akwatinsa ya daɗe kuma kifayensa lafiya lau suke, ka roƙi cikin hannu biyu na yashin saman akwatinsa, ko ya matse maka ruwan sosonsa a leda, ka kawo da danshinsa ka zuba a naka. Yadda ake sa ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ta kama, haka wannan yake. Idan ka sami kayan gwajin ruwa a wurin masu sayar da kayan kiwon kifi, ka saya, domin su ne za su nuna maka ranar da amoniya da nitirit suka koma sifili, ba sai ka jira gawar kifi ta faɗa maka halin da ake ciki ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ba na son ƙazanta ko kaɗan. Duk ranar Asabar nakan sa yara su kwashe kifayen a bokiti, su zubar da ruwan duka, su wanke yashin da garin sabulu a bakin famfo, su shanya shi, sannan a mayar. Amma kwana biyu ko uku bayan kowane wanki sai in ga kifayen sun yi laushi, sun ƙi cin abinci. Me na rage ban yi ba? Daga wata Hajiya a unguwar Yelwa, Garwa.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri a kan kula da waɗannan bayin Allah. Babu abin da kika rage, wankin ne ya yi yawa. Abin da na bayyana wa ɗan'uwanmu na Marwa shi yake faruwa a gidanki kowane mako, domin duk Asabar ana kashe bakteriyar da suka fara kafuwa, akwatin ya koma sabo, amoniya ta sake hawa. Abubuwa uku ne suke kashe su a wannan wanki: sabulu, da sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, da kuma bushewa a rana. Shi sabulu ma ragowarsa takan maƙale tsakanin ƙwayoyin yashi ta cutar da kifin kai tsaye, don haka ina roƙonki kada ya sake kusantar akwatin, kuma a ware masa bokiti da tiyo nasa na kansa waɗanda ba a wanki da su.

Idan kika ɗebi yashin akwatin da ya yi watanni kika murza shi tsakanin yatsu, za ki ji ɗan santsi, ki ga launinsa ya ɗan dusashe, ƙamshinsa kuma irin na ƙasa bayan ruwan sama. Wannan alamar lafiya ce. Masu tace ruwan sha na birane sun daɗe da sanin haka. Tun 1829 injiniya James Simpson ya gina matatar yashi mai tace ruwa a hankali a birnin Landan, daga baya kuma aka gane cewa siririn ɓawon halittu masu rai da yake kafuwa a saman yashin shi ne yake yin mafi yawan aikin, kuma idan aka kankare shi matatar ba ta komawa daidai sai ya sake tsirowa.

Tsabtar da akwati yake so mai sauƙi ce, kuma ba a fitar da kifi dominta. Sau ɗaya a mako a sa tiyo a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ana kewaya bakin tiyon a ɗan sama da yashin. Wani alherin yashi ke nan a kan tsakuwa, dauɗa ba ta nutsewa cikinsa, a sama take zama, tiyo kuma yana ɗauke ta cikin sauƙi. Soson matata a matse shi sau biyu ko uku a cikin ruwan da aka zuƙe, a mayar da shi ko da bai yi fari ba, kuma kada a haɗa wankin soso da motsa yashi a rana ɗaya. Ruwan famfon da za a ƙara a tare shi tun jiya a baho buɗaɗɗe don kulorin ya fita, ko a sa masa maganin cire kulorin. Ruwan da aka zuƙe kuma kada a zubar a kwata, a ba zogale ko furannin tsakar gida, nitirat ɗin da ke cikinsa taki ne.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne, ina so in haɗa akwatina na farko. Wane yashi ya fi, na kogi, ko na gini, ko farar tsakuwar nan mai ƙyalli da ake sayarwa? Kuma kauri nawa zan shimfiɗa? Daga Sabongari, Ngaundare.

AMSA: Ƙanena, ka kyauta da ka tambaya kafin ka fara. Yashin kogi mai matsakaicin ƙwaya, tsakanin rabin milimita da milimita 2, shi na fi ba da shawara. Ruwa ya riga ya goge kaifinsa, don haka ba ya yanke gashin bakin kurungu ko tarwaɗa da sauran kifayen da suke kiwo a ƙasa. Mai laushi kamar gari yana danƙarewa ya hana iska shiga, yana kuma tashi ya shiga famfon matata ya cinye shi. Na gini yana yiwuwa idan asalinsa na kogi ne, amma a guji wanda ya zauna kusa da siminti ko aka zuba shi inda ake juye baƙin mai. Wanda ake sayarwa don matatar tafkin wanka shi ma yana da kyau, tun da an riga an tankaɗe shi.

Wurin ɗiba yana da muhimmanci. Mayon da ya ratsa tsakiyar gari, inda ake zubar da shara, ake wankin babura da motoci, ba wurin ɗiba ba ne, haka ma gangaren gonakin auduga, saboda maganin feshi da ruwan sama yake wankowa, kifi kuwa kaɗan daga irin wannan magani ya ishe shi. A hau can sama da gari a ɗebo.

Akwai kuma batun da ya shafi lafiyar mutanen gida, wanda ba na so a ɗauke shi da wasa. Tsargiya sananniyar cuta ce a yankinmu, musamman a kewayen manyan ruwaye irin su Lagdo da Maga, kuma ƙananan dodon koɗi ne suke ɗauke da tsutsarta. Irin da yake yaɗa tsargiyar fitsari yana iya lafewa a cikin busasshiyar laka ya tsallake rani da ransa, ya farfaɗo idan ruwa ya dawo. Idan ɗaya mai ɗauke da cutar ya biyo yashi ya shiga akwati, zai riƙa sakin tsutsar a ruwan da yara suke tsoma hannu, ita kuwa ta fata take shiga. Saboda haka shanya kaɗai ba ta wadatar ba. A tankaɗe yashin da rariya, a zuba shi kaɗan-kaɗan a bokiti ana cuɗawa ana tsiyaye ruwan, har sai an motsa shi ruwan ya washe cikin ɗan lokaci, sannan a tafasa shi a tsohuwar tukunya na kimanin minti 20, a bar shi ya huce. Wannan wanki mai tsanani sau ɗaya ake yinsa, kafin yashin ya shiga akwati.

Game da farar tsakuwa, ka gwada ta tukuna. Ka ɗiga mata ruwan khal, idan ka ga tana kumfa tana tsuwa, to dangin farar ƙasa ce ko marmara, irin duwatsun da aka san yankin Figil da Bidzar da su. Irin wannan dutse yana narkewa a hankali ya ɗaga ma'aunin pH na ruwa, wato ma'aunin da yake sauka idan ruwa ya karkata ga tsami, ya hau idan ya karkata ga kanwa. Kifayen ado da asalinsu tafkin Malawi ne ko Tanganyika suna son haka, amma ga sabon akwati akwai haɗari, domin dafin amoniya yana bin pH. A ruwa mai zafin digiri 25, idan pH yana 7, kimanin rabin kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne yake cikin sigarsa mai guba, idan kuwa ya hau 8, wannan kaso yana ninkawa kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara shi. A kan wannan dalili ne ma nake hana sa kanwa a ruwan kifi.

Kauri kuwa santimita 2 zuwa 3 ya isa, ko 5 a inda za a dasa tsirrai masu saiwa. Akwati mai tsawon santimita 100 da faɗin 40 zai ci lita 12 na yashi a kaurin santimita 3, wato kimanin kilo 18. Ka haɗa wannan da nauyin ruwa, kilo 1 a kowace lita, kafin ka zaɓi teburin da za ka ɗora shi. Idan mai sayarwa ya nuna maka matatar nan ta faranti mai huji-huji da ake binnewa a ƙasa, ka sani da tsakuwa take aiki, yashi toshe ta yake yi.

TAMBAYA: Karfasata tana ɗibar yashi da baki tana tofarwa, har ta haƙa rami a lungu. Yunwa ce ko ciwo? Daga Garwa.

AMSA: Ba ko ɗaya, ɗan'uwa, ɗabi'arta ce. Namijin karfasa yakan haƙa rami mai kama da kwano don ya jawo mace su yi ƙwai, kuma ganin haka alama ce ta cewa ya sake da wurin. Tonon nasa yana ma shigar da iska cikin yashin. Abin lura ɗaya ne, manyan duwatsu a kan gilashin gindi ake fara ajiye su kafin a zuba yashi, don kada ya tone ƙarƙashinsu su faɗo.

TAMBAYA: Malam, yashin akwatina ya kai kaurin tafin hannu. Na lura ta jikin gilashi ƙasansa ya yi baƙi. A watan Afrilu an ɗauke wuta kusan yini guda, da ta dawo na sa hannu na motsa yashin, sai kumfa ta taso da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kafin dare manyan kifayena biyu sun mutu. Ina neman bayani. Daga wani magidanci a Kuseri.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abubuwa uku ne suka haɗu maka a rana ɗaya, kaurin yashi, da zafi, da tsayawar famfo. A ƙasan yashi mai kauri, inda oksijin ba ya kaiwa, wasu bakteriya na dabam ne suke zaune, masu rayuwa ba tare da iska ba. Wasunsu suna da amfani, suna mayar da nitirat iskar naitirojin ta fice, kuma saboda su ne masu kiwon kifin teku a wasu ƙasashe suke shimfiɗa yashi mai kaurin santimita 10 zuwa 15 da gangan, su bar shi ba sa taɓawa. Amma idan ragowar abinci ta yi yawa a ƙasa, sai wani rukunin ya yi ƙarfi, mai fitar da iskar haidirojin salfaid. Ita ce mai warin da ka ji, ita ce kuma take haɗuwa da ƙarfen da ke cikin yashi ta ba da baƙin da ka gani. Guba ce mai ƙarfi ga kifi. Idan tana tasowa kaɗan-kaɗan, oksijin da ke saman yashi yana karya ta kafin ta yi ɓarna, amma motsawa gaba ɗaya yana sakinta a lokaci guda.

Ka kuma motsa ta ne a ranar da ruwan ya fi kowace rana ƙarancin iska. Ruwa mai zafin digiri 25 yana riƙe kimanin miligiram 8 na oksijin a lita, a digiri 35 kuwa bai cika 7 ba, alhali a zafi ne kifi da bakteriya suka fi buƙatarsa. A Kuseri da Injamena zafin Afrilu yakan haura digiri 40, ruwan akwatin da ke ɗaki mai rufin kwano kuma yana bin sa. Famfo ya tsaya yini guda, kifaye suna shaƙa, mazauna yashi da na soso suna shaƙa, manyan kifaye kuma su ne suke fara galabaita domin buƙatarsu ta fi yawa.

Gyaran shi ne a rage yashin zuwa santimita 3, amma sannu a hankali. A kowane canjin ruwa na mako a sa tiyo a zuƙe yashin wani ɓangare guda, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na gindin, tiyon yana tafiya da baƙin ruwan waje, a zubar da baƙin na ƙasa, a mayar da na saman. Bayan an kai kaurin da ake so, ya wadatar a riƙa bi da yatsu ko ɗan tsinke ana sassauta yashin a hankali lokacin canjin ruwa, kafin wani abu ya taru. A ɗaga duwatsu da itatuwan ado lokaci-lokaci, don ƙarƙashinsu ne baƙin yake fara kamawa. A kuma rage abinci, tun da shi ne tushen abin da yake ruɓewa.

Ranar da aka ɗauke wuta kada a ba kifi abinci, kada kuma a taɓa yashi. A buɗe murfin akwatin, a riƙa ɗibar ruwan da moɗa ana zubo shi daga sama na 'yan mintuna a kowace sa'a, domin motsin saman ruwa ne yake shigar da iska. Ƙaramin famfon iska mai batir, ko wanda aka haɗa da wutar sola, yana da daraja a yankinmu fiye da fitilar ado da mutane suke fara saya. Idan matatarka irin rufaffiyar nan ce mai kama da gwangwani, kuma ta yi sa'o'i da yawa a tsaye, kada ka bari ta kunna kanta ta juye ruwan da ya kwanta a cikinta zuwa akwati. Ka zare ta daga soket tun lokacin da wutar ta tafi, idan ta dawo ka buɗe ka shinshina, ka zubar da ruwan ciki, ka ɗauraye soson da ruwan akwatin, sannan ka kunna. A makon da ya biyo baya ka ɗauki akwatin a matsayin wanda bai gama nuna ba, ka ba da abinci rabin na kullum, ka canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan sau biyu maimakon sau ɗaya.